Kamar-Yaya da Takalman Auta

Idan ka bi titin da ke gangarawa zuwa ƙofar jami'a, daidai ƙarƙashin matakalar benen nan mai shaguna, za ka ga wani ɗan lungu da ko miƙa mai kyau ba a iya yi a cikinsa. Nan ne shagon mai gyaran takalman da kowa ke kira Kamar-Yaya. Sunan ba na yanka ba ne, bakinsa ne ya jawo masa. Ka ce masa yau za a yi ruwa, zai ce, "Kamar yaya?" Ka ce masa dunduniyar takalminka ta cire, ga takalmin a hannunsa, ga dunduniyar yana kallo, sai ya ɗago ya ce, "Kamar yaya?" Ba rainin wayo ba ne, Allah ya sani. Shi dai ba ya iya haɗiye magana sai ya tauna ta.

Tambayar nan ce ta raba shi da makaranta. Yana ƙaramin aji malami ya ce duniya juyawa take yi. Yaro ya duba ƙasa ya ga tana nan daram, ya ɗaga hannu ya ce, "Kamar yaya?" Malami ya maimaita. Yaro ya sake tambaya. Daga nan bulala ce ta karɓi bayanin. Da mahaifinsa ya gaji da zuwa ba da haƙuri, sai ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani tsohon mai gyaran takalma, inda amsar kowace tambaya ita ce a miƙa maka basilla a ce gwada ka gani. A sana'ar ya girma, a cikinta ya yi aure, furfura ma ta same shi da ƙusa a baki.

'Ya'yansa manya tun suna ƙanana suka koyi ba shi labari a gurguje, ƙafa ɗaya a waje. Matarsa kuwa, Maman Auta, ta daɗe da gano maganinsa: in ya ce "Kamar yaya?" sai ta ce "Kamar haka," ta ci gaba da abin da take yi. Auta ce kaɗai Allah ya halitta da son tambayar. Tun tana firamare, in an tashi, shagon take nufa, ta hau ɗan bencin da ke jingine da bango, ta ture takalman mutane gefe, ta zazzage masa duk abin da aka koya musu. Shi yana ɗinki yana tambaya, ita tana kumbura baki tana sake bayani, har sai ta samo hanyar da maganar za ta shiga kansa. In ta shiga, sai ya buga guduma a kan ƙarfen aiki ya ce, "Yauwa! Yanzu kika yi magana." Haka suka yi firamare tare, suka yi sakandare tare, har Auta ta samu gurbin karatun likita a jami'ar da ke ƙarshen titin.

To, a nan ne Baba ya shiga uku. Duk cutar da aka koya wa su Auta da safe, da yamma tana jikinsa. Ranar hawan jini kansa ya yi ta sara. Ranar ciwon suga ya ture kofin shayi yana kallonsa kamar abokin gaba. Kafin shekara ta zagayo ya kamu da cututtuka iri-iri ya warke, har da wata da Auta ta rantse masa mata masu juna biyu kaɗai take kamawa. Ya dafe ƙugu ya ce, "Kamar yaya?" Amma duk da wannan jinya, babu lokacin da yake so a duniya kamar wannan ɗan tsakanin, in rana ta karkata, inuwar bene ta rufe ƙofar shago, Auta ta jefar da jaka a kan benci ta ce, "Baba, yau ka ga abin mamaki."

Sai aka wayi gari bencin ya fara kwana da ƙura. Auta takan wuce, ta leƙo ta ce, "Sannu da aiki, Baba," kunnuwanta toshe da igiyar waya, ta yi gaba. Da abin ya ishe shi ya tare ta a bakin ƙofa.

"Ke wai an daina koyar da ku ne?"

"Ana yi mana, Baba. Wata manhaja muka samu, irin wadda ake hira da ita. Ina zuba mata abin da malami ya koyar, ta taƙaita mini, ta warware inda ban gane ba, har tambayoyi take yi mini kamar a jarrabawa."

"Mutum ne a ciki?"

"Babu kowa. Ƙirƙirarriyar basira ce."

"Kamar yaya?"

"Baba, na makara, sai na dawo."

Tunda aka haife ta, ranar ce ta fara barin tambayarsa a tsaye babu amsa. Abin ya yi masa ciwo, ciwo na gaske, ba irin na darasi ba. Ya koma ya zauna ya buga wa wani takalmi ƙusar da bai nema ba. A ranar ya raɗa wa abin suna Malam Na'aljihu, ya kuma ɗaura aniyar ƙwato bencinsa.

Dabararsa ta farko daga sana'a ta fito. Da sassafe, kafin mutanen gida su fito, takalma na jere a bakin ƙofa, sai ya tsuguna da basilla ya saki zare biyu a maɗaurin takalmin Auta. Kuma fa aiki ne na gwani, kada ka raina. Ya san zaren da zai taɓa domin takalmi ya kai ta aji lafiya, ya yini lafiya, sannan ya mutu a hanyar dawowa, daidai kusa da bene. Da yamma sai ga Auta tana ɗingishi.

"Ash, ash," in ji Baba, fuska cike da jimami. "Kayan zamanin nan ba su da ƙarko. Zauna."

Ta zauna kam, amma da Malam Na'aljihu a kunne, tana gyaɗa kai tana murmushi ita kaɗai. Baba ya ja aikin iya ja, ya warware ya sake, ya nemi zaren da ke gabansa har a ƙarƙashin benci. Ko tari bai samu daga gare ta ba. Ya gwada da baƙin takalminta, ya gwada da mai tsini, ya gwada da silifas, duk labarin ɗaya ne.

Wata safiya yana tsugune sai ya ji murya a bayansa. "Baban Auta, wai ni ɓeran gidan nan takalman Auta kaɗai yake ci? Ɓera mai basilla ban taɓa gani ba."

"Dubawa nake yi," ya ce, yana tura basillar cikin hannun riga.

"Allah ya ba da sa'ar dubawa," in ji Maman Auta, ta wuce da bokitinta.

Da ya ga ɓera ya tonu, sai ya yanke shawarar tunkarar abokin karawarsa gaba da gaba. Maƙwabcin shagonsa mai gyaran waya ne, sa'ansa, mutum mai baki kamar reza, sun shekara da shekaru suna tsokanar juna. Kamar-Yaya ya ajiye masa wayar da babban ɗansa ya ba shi, wadda bai taɓa yin komai da ita ba sai amsa kira.

"Sa mini malamin nan na 'yan jami'a."

"Kai? Digiri za ka yi a kan dunduniya?"

"Sa mini dai. Malamin da ya fi shi ma na ƙure shi. Yau zan ga ƙarshen haƙurinsa."

Mai Waya ya sa masa, ya nuna masa inda zai danna ya yi magana. Kamar-Yaya ya gyara zama, ya tuna ya ji kalmar ƙoda tana fitowa daga wayar Auta, ya ce, "Kai, mene ne aikin ƙoda?" Abin ya amsa da wata Hausa miƙaƙƙiya irin ta mai karanta labarai, ya ce ƙoda tace jini take yi. Baba ya ƙifta wa Mai Waya ido, ya saki makaminsa.

"Kamar yaya?"

"Wannan tambaya ce mai kyau," in ji Malam Na'aljihu, ya ɗauko bayanin ta wata hanya.

Baba ya ɗan yi turus, amma ya sake jefawa. Abin ya sake canza hanya. Ya jefa, ya canza. Masu kawo gyara suka zo suka tafi, gam ya bushe a kan tafin takalmin wani bawan Allah ba a manna ba, ana nan ana fafatawa, har wayar ta ɗauke ɗif.

"Wa ya ci?" in ji Mai Waya.

"Batir ne ya shiga tsakani."

Gaskiyar da bai faɗa ba ita ce, in ka cire Auta, babu mahalukin da ya taɓa ce wa tambayarsa mai kyau. Washegari, da ya tabbata Mai Waya ba ya ji, ya kara wayar a baki ya yi tambayar da ta ci masa bulala tun yana yaro, ta juyawar duniya. Ya yi "kamar yaya" son ransa, babu wanda ya ɗaga masa murya. Da abin ya shiga kansa, sai ya ajiye takalmin da ke hannunsa a cinya. Daga baya ya ce a fili, "Ashe abin da malam ya kasa faɗa ke nan."

Daga nan shaiɗan ya raɗa masa dabara ta biyu. Tunda mai sani Auta take so, to, shi ma zai zama mai sani, a ga wanda za ta zaɓa tsakanin uba da waya. Ya duƙufa a kan ƙoda ba ji ba gani. Yana ɗinki yana sauraro, yana goge takalmi yana maimaitawa. Duk wanda ya kawo gyara sai ya tafi da umarnin shan ruwa. Wani direba da ya zo a manna masa tafin takalmi sai da aka tambaye shi kalar fitsarinsa, ya ɗauki takalminsa a hannu ya fita yana waiwaye.

Ana cikin haka, wata yamma, sai ga Auta ta shigo da ƙafafunta, takalmanta lafiya lau, babu igiya a kunne. Ta jefar da jaka a kan benci ta zauna, fuska a murtuke.

"Baba, yau na sha kunya. Malami ya tsayar da ni gaban 'yan aji ya ce in yi bayanin aikin ƙoda. Wallahi na sani. A waya komai a fili yake, ina karantawa ina cewa haka ne, haka ne. Amma da na buɗe baki sai iska. Ga jarrabawar baki tana zuwa." Ta share hanci. "Na gaya wa manhajar, sai ta ce in nemi wanda bai san abin ba, in yi masa bayani da bakina har ya gane. Sai na ce a raina, ai ina da shi."

Duk mai hankali da ya ji wannan magana zai kama bakinsa, ya saki fuska irin ta wanda bai taɓa jin kalmar ƙoda ba. Amma ina! Kamar-Yaya bai ji ƙarshen maganar ba ma. Shi dai ya ga Auta a kan benci, ya ji an ce ƙoda, sai zuciyarsa ta ce ga ranarka ta zo.

"Bismillah," ya ce, yana gyara hula.

"To, Baba, ƙoda tana tace jini a cikin wasu ƙananan..."

"Nefron," in ji Baba.

Auta ta tsaya. "Na'am?"

"Nefron sunansu. Ci gaba."

"To... da farko ruwa mai yawa ne yake fita daga jinin, sannan..."

"Sannan yawancinsa ya koma jiki, ai ba za a yi asara ba. Gishirin da ake buƙata ya koma, suga ya koma, dattin ya wuce mafitsara. In mutum bai sha ruwa ba kuma, ƙwaƙwalwa ce ke aiko da saƙo a riƙe ruwan." Ya ɗaga basilla sama kamar alli. Bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen darasin, har da abin da ba a zo ba tukuna. Mai Waya ya leƙo ta ƙofa yana tafa masa.

Auta ta saki baki. "Baba, wa ya gaya maka?"

Ya daki aljihun gaban rigarsa, inda wayar take, yana washe baki. Auta ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Sai dariyar ta yi ta raguwa, ta ƙare. Ta ɗauki jakarta.

"To ai ka riga ni, Baba. Ni wanda bai sani ba nake nema. Bari in je wurin Mama."

Ta fita. Kamar-Yaya ya bi ta da kallo, basilla a sama har yanzu. Mai Waya ya ce, "Sannu, likita," ya janye kansa tun kafin a jefe shi da kwalbar gam.

Da maraice yana ɗaki yana jin su a falo, Maman Auta tana ninke kayan wanki, Auta tana bayani. Duk abin da ta faɗa sai uwar ta ce, "To." Ta ƙara, "Allah sarki." Ta ƙara, "Haka ne." Can Auta ta gwada ta, ta ce, "Mama, ita kuma ƙodar a cikin gwiwa take." Maman Auta ta ce, "Ikon Allah," ta ɗauki wani zane. A ɗaki Baba ya ciji yatsa. Wuraren da ya kamata a tsayar da yarinyar nan a tambaye ta suna ta wucewa a banza, tambayar tana yi masa ƙaiƙayi a maƙogwaro, amma da wace fuska zai fito? Shi da hannunsa ya kori 'yarsa daga benci, kuma ya san haka.

Da safe ya buɗe shago, ya fito da wayar. "Kai, yaya ake manta abin da aka riga aka sani?"

Malam Na'aljihu ya ce babu wata hanya mai sauƙi, ya tambayi dalili. Kamar-Yaya ya buɗe baki zai ba da labari, sai ya tuna da waya yake magana, ya tsuke. Ya ce, "Ba ruwanka. Ka dai saurara. Daga yau, daga gashin kai zuwa tafin ƙafa, kada ka kuskura ka ƙara gaya mini komai. Taurari naka ne, teku naka ne, jirgin sama naka ne. Jikin mutum na Auta ne." Abin ya ce ya ji, zai kiyaye.

Gaya wa Auta kai tsaye kuwa ya fi ƙarfinsa. Sai ya bari suna karyawa shi da Maman Auta, ya ba da labarin dokar da ya kafa, yana kallon kofi, ya ƙara da cewa kada ta gaya wa kowa. Ya san matarsa: in kana son magana ta isa inda ka nufa kafin azahar, ka ce mata sirri ce.

"Har da labarin ɓera kada in faɗa?" in ji ta.

"Wane ɓera?"

"Kamar haka," ta ce, ta kwashe kofuna.

Kwanaki suka wuce, benci na nan babu kowa. Bai ƙara taɓa takalmin Auta ba. Ya tsinci maganar cewa an gama ƙoda an shiga hanta, yatsansa ya yi ta kai-komo a kan wayar, amma ya daure, ya tambayi abin da ke sa wata ya ragu ya ƙaru. Ya san wata ciki da waje, hanta kuwa ko gefen da take bai yarda ya sani ba. Kullum in inuwar bene ta rufe ƙofa sai ya kakkaɓe bencin, ya koma ya zauna yana jin haushin kansa.

Ran nan yana sunkuye a kan wani takalmin makaranta sai ya ji tafiyar mai ɗingishi. Ya ɗago. Auta ce, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Tsinkewa ya yi, Baba. Haka kawai, ina cikin tafiya."

Ya karɓa ya juya shi. Maɗaurin da ya tsinke da kansa bakinsa a tattauye yake, zare na leƙowa ta ko'ina. Wannan kuwa a miƙe yake sak, aikin almakashi ne, kuma shi dai bai taɓa shi ba. Ya dubi Auta. Auta ta dubi rufin shago kamar yau ta fara ganinsa.

"Ash," ya ce a hankali. "Irin wannan tsinkewar tana cin lokaci. Zauna."

Ta ture takalman mutane gefe ta hau bencin. Ta fito da wayarta, ta kifa ta a kan jaka.

"Baba, ka san aikin hanta?"

"Wallahi ban sani ba," ya ce, kuma tunda yake bai taɓa faɗin maganar nan da alfahari irin na ranar ba.

Ya ɗauko zare zai zura, ya kasa ganin kafar basillar, ya goge ido da hannun riga ya ce warin gam ne. A nan idonsa ya faɗa kan ɗaya takalmin da ke ƙafarta. Shi ma an yanka maɗaurinsa har rabi, an tanade shi domin gobe. Yanka ne na ɗan koyo, ko ƙofar aji ba zai kai ta ba. Ya ƙudurta a ransa zai ɗan ƙara masa ɗinki biyu in ta juya baya.

"To, ka ga duk abin da mutum ya ci," in ji Auta, "kafin ya bazu a jiki, sai jini ya fara bi da shi ta hanta."

Baba ya ajiye takalmin a cinya, ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ta.

"Kamar yaya?"

Auta ta kumbura baki, ta gyara zama, ta ɗauko daga farko.